Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: me ya sa manhajojin waya ke mutuwa a garuruwanmu?

Yau daga gida nake magana, daga Maruta ta ƙaramar hukumar Gwaram a jihar Jigawa. Saboda haka in kun ji kukan akuya ko ƙarar babur a bayan muryata, a yi haƙuri, ba a sutudiyo nake ba.

Yau da tona wa kaina asiri zan fara.

Bayan na gama bautar ƙasa na dawo gida, kai cike da ilimin jami'a, ni da abokaina uku muka zauna muka ce za mu magance matsalar famfunan tuƙa-tuƙa. Duk wanda ya san yankinmu, daga Maruta zuwa Sara, Kila, Basirka, har Birnin Kudu, ya san yadda abin yake. Famfo zai lalace, a yi wata biyu ana kewaya shi, yara mata su koma rijiya ko rafi, kuma babu mai tabbacin labarin ya isa inda ya kamata. Sai muka ce ai wannan abu ne mai sauƙi. Muka haɗa fom a intanet. Mutum ya shiga, ya rubuta sunansa da lambar wayarsa da unguwarsu, ya ɗauki hoton famfon, ya tura. Mu kuma mu tattara mu kai wa masu alhakin gyara. Muka yi masa tambari mai kyau, muka watsa a Facebook, aka yi ta zuba mana "Allah ya ƙara basira".

Wata uku cur, saƙon da ya shigo bai cika goma ba. A ciki ma, rabi mu muka tura don gwaji.

Rannan ina zaune a tsakar gida ina ta mita, ina cewa mutanenmu ba sa son ci gaba. Gwaggona tana tankaɗen gari, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Kai ɗan nan, wa yake ɗebo ruwa a gidan nan?" Na ce ƙannena mata. Ta ce, "Wayar tana hannun wa?" Na ce tana aljihun Baba. "Shi yana ina?" Na ce gona, ko kasuwa. Ta ce, "To ka gani. Wanda ya ga famfon ba shi da waya, mai wayar kuma bai ga famfon ba. Sannan ka ce in rubuta sunana? Gobe mai unguwa ya ji an ce ni na kai ƙararsa? Rufa mini asiri."

Wallahi jama'a, cikin minti biyu ta rushe aikin da muka yi wata guda muna yi. Kuma abin da ya fi ba ni kunya, gida ɗaya muke kwana da ita, amma ban taɓa tambayarta ba.

To wannan shi ne maudu'in yau: ƙirƙirar fasahar waya tare da waɗanda za su yi amfani da ita. A Hausance, a dama da su tun daga farko. Bahaushe ya ce tun ran gini, tun ran zane. Ba sai an gama gini an shafe ba, sannan a kira mai ɗaki a ce ya zo ya yaba.

Kada ku ɗauka wannan sabon salo ne na 'yan ƙungiyoyi. Yana da tarihi, kuma daga wajen ma'aikata ya fito. A farkon shekarun 1970, a ƙasar Norway, kamfanoni sun fara shigo da kwamfuta cikin masana'antu. Ma'aikata suka ga za a canza musu yadda suke aiki ba tare da an ji ta bakinsu ba. Sai wani masanin kwamfuta mai suna Kristen Nygaard ya haɗa kai da ƙungiyar ƙwadago ta ma'aikatan ƙarfe, suka zauna suna koyon yadda na'urar take, su kuma suna koya masa yadda aikinsu yake. Nygaard fa ba ƙaramin mutum ba ne. Shi da Ole-Johan Dahl suka ƙirƙiro harshen kwamfuta na Simula, kuma sun karɓi lambar yabo ta Turing ta shekarar 2001, wadda ita ce mafi girma a fannin. Amma bai ga ya fi ƙarfin zama da leburori ba.

A 1981 kuma aka fara wani aiki mai suna UTOPIA a Sweden da Denmark, tare da ma'aikatan ɗab'i, masu tsara shafukan jarida. Abin da ya fi burge ni a labarinsu shi ne, ba su jira an ƙera na'ura ba. Kwali da katako suka samu. A ajiye akwatin kwali a ce wannan ita ce firinta, a manna takarda a ce wannan shi ne allon kwamfuta, ma'aikaci ya zo ya gwada aikinsa a kai kamar gaske. In ya ce wannan maɓalli ba a nan ya kamata ya zauna ba, a yage takarda a sake zanawa. Babu asarar ko kwabo. Ku riƙe wannan dabara ta kwali, za mu dawo kanta.

Yanzu mu dawo gida Najeriya, ga misalin da iyayenmu manoma za su iya tunawa. A 2012, zamanin shugaba Goodluck Jonathan, lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan noma, aka fara shirin tallafin taki da ake kira GES. Manomi zai yi rajista, a turo masa saƙo a waya, ya je wurin dillalin da aka ware ya karɓi buhu biyu na taki a rabin farashi, haɗe da iri. Kamfanin Cellulant ne ya gina tsarin saƙon. Niyyar mai kyau ce ƙwarai, domin an so a tsallake 'yan tsakiya da ke karkatar da takin gwamnati, kuma manoma da yawa sun amfana. Amma tsarin ya tsaya ne a kan wasu zato: cewa manomi yana da waya tasa ta kansa, cewa akwai sabis a garinsu da kuma wurin rabon, cewa akwai caji, cewa zai iya karanta saƙon ya kuma ba da amsa. A ƙauyuka da dama ɗaya daga cikin waɗannan ba ya samuwa, wani wurin ma duka huɗun.

Me aka yi? A 2014 aka gwada wata hanya mai suna TAP a jihar Sakkwato da yankin Abuja, da hannun cibiyar IFDC mai aikin bunƙasa taki. Maimakon saƙon waya, sai a ba manomi kati. Ya zo wurin rabo, a ɗora katin a jikin na'urar ma'aikaci, bayanansa su fito ko da babu sabis. Wato sai da aka sha wahala a fili, sannan aka gyara tsarin ya dace da rayuwar manomi. Tambayata a nan ita ce, da a ce tun ranar farko an zaunar da manoma goma daga irin su Farin Dutse ko Kwandiko, an ce ga abin da muke shirin yi, minti nawa za su ɗauka kafin wani ya ce, "Ranka ya daɗe, mu fa sai mun hau tudu muke samun sabis"?

Ga wani misalin daga Kenya, inda sauraron jama'a ya juya akalar aiki gaba ɗaya. Da yawanku kun ji sunan M-Pesa, hanyar tura kuɗi ta waya ta kamfanin Safaricom. Abin da ba kowa ya sani ba, ba don tura kuɗi gida aka fara ta ba. A 2005 an gwada ta a garin Thika tare da wata cibiyar ba da ƙananan rance mai suna Faulu, don mutane su riƙa biyan bashinsu ta waya. Sai masu aikin suka lura mutane na yin abin da ba a tsara ba. Wannan ya tura wa ɗan uwansa, wancan ya biya abokin cinikinsa, wani ya zuba kuɗinsa a waya kafin ya kama hanya don tsoron ɓarayi. Ba su ce jama'a sun ɓata musu tsari ba. Suka bi sawun mutane, suka sake fasalin abin, aka ƙaddamar da shi a watan Maris na 2007 a matsayin hanyar aika kuɗi gida. Yau miliyoyin mutane ne ke rayuwa da ita.

Ko wayar da ke hannun da yawanmu ma shaida ce. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Itel da Infinix, bai mamaye kasuwar Afirka da sa'a ba. Sun lura muna yawo da layi biyu ko uku saboda babu kamfani ɗaya da ke da sabis ko'ina, suka sa gurbin layi fiye da ɗaya. Sun lura wuta ba ta zama, suka ƙara wa batir ƙarfi. Sun gyara kyamara ta riƙa fitar da baƙar fata da kyau, suka kuma sa harsuna irin su Hausa da Swahili da Amharik.

Sai dai a nan ina so mu bambance abubuwa uku, don kada a yi mana wayo. Akwai a yi maka. Akwai a kalle ka ko a tambaye ka, sannan a je a yanke hukunci a bayanka. Akwai kuma a dama da kai. Fom ɗinmu na farko, na farkon ne. Abin da kamfanonin waya suke yi, galibi na biyun ne: sun saurare mu, amma don su sayar, kuma ba mu da ikon cewa a'a. Na ukun shi ne abin da ma'aikatan Norway suka nema, inda mai amfani da abu yake da kujera a teburin, yake da ikon cewa wannan ba za a yi shi haka ba, kuma a fasa.

Me ya sa wannan ya fi muhimmanci a kan waya fiye da sauran na'urori? Saboda waya ba ta zama wuri ɗaya. Kwamfutar ofis tana kan tebur, ƙarƙashin fanka, mutum ɗaya ke taɓa ta. Waya kuwa da asuba tana masallaci, da hantsi tana gona cikin rana da allon ba ya ganuwa, hannun mai ita duk laka. Da azahar tana kasuwar Sara cikin hayaniyar da ko kira ba ka ji. Da la'asar tana shagon mai caji, cikin wayoyi hamsin, a hannun wanda ba mai ita ba. Da dare ta dawo gida, uwargida ta kira 'yan uwanta, yaro ya karɓa ya kalli fim, kaka ta haska fitilarta. Waya ɗaya, hannu biyar, wuri biyar. Wanda ya tsara manhaja a Legas ko Abuja yana tunanin mutum ɗaya, waya ɗaya, data ba ta yankewa. Ba mugunta ba ce, rayuwarsa ke nan. Amma ba rayuwarmu ba ce.

Ɗauki lambar sirri kawai. Mai tsarawa ya ce kada ka gaya wa kowa. Amma dattijon da ba ya karanta boko, dole ya miƙa wa jikansa ko mai POS, ya faɗi lambar da baki a gaban mutane. Mun gani da idonmu lokacin canjin kuɗi a farkon 2023, sa'ad da takardar naira ta yi ƙaranci aka ce kowa ya koma tiransifa. Manomi ya kawo buhun hatsinsa, mai saye ya ce ya tura, alat bai shigo ba, su biyun su tsaya cirko-cirko har la'asar. Wani ya karya farashi don kawai a ba shi tsabar kuɗi a hannu. Ka ga a nan maganar tsarin manhaja ta zama maganar abincin gida.

Kuma kada wani ya ce mutanenmu ba su iya fasaha ba. Wa ya koya musu fulashin? Kira ɗaya a katse, ma'ana na iso lafiya. Kira biyu, ma'ana kira ni, ba ni da kati. Babu injiniyan da ya zauna ya tsara wannan. Wa ya koya wa iyayenmu mata gane lamba ta ƙarshen lambobi uku, ko su sa a ajiye musu sunan mutum da hoton fure ko mota? Saƙon murya na WhatsApp, da aka fito da shi a 2013, ya zama wasiƙar wanda bai yi boko ba. Malamai na karatu da shi, dillalai na cinikin shanu da shi. Mutanenmu sun daɗe suna ƙirƙira. Gayyatar su ce ba a yi.

To mu ya muka ƙare da famfunanmu? Muka koma muka fara daga tushe. Abu na farko da muka gane, mu maza huɗu ba za mu shiga gidajen mutane mu zauna da matan aure ba. Sai ƙanwata da ƙawayenta biyu suka karɓi wannan ɓangare. Suka riƙa zuwa bayan an tashi daga Islamiyya, su zauna a kan tabarma ana hira. Mu kuma muka zauna da 'yan ga-ruwa a bakin famfo, da makanikin da ke gyara, da masu unguwanni. Ba mu kira taro a makaranta ba, inda manya za su yi magana yara su yi shiru. Kowane rukuni mun same shi a inda ya saba sakin jiki.

Sannan muka ari dabarar kwali. Muka yanka kwalin taliya girman waya, muka zana maɓallai, muka ce wa mutum, ga famfo ya lalace, nuna mana me za ki yi. Wata baiwar Allah ta juya kwalin ta ce, "Ni tawa ba irin wannan ba ce, 'yar rakani-kashi ce." Dariya aka yi, amma a nan muka fasa maganar ɗaukar hoto. Wani ɗan ga-ruwa ya ce in dai sai ya kashe katinsa, to ba zai kira ba, domin ribar kura guda ba ta kai ta kira ba. A nan aka samo dabarar fulashin: ka yi mana, mu mu kira ka. Makanikin kuwa ya ce "famfo ya lalace" ba labari ba ne a wurinsa. A tambayi mutum, hannun yana tafiya sakayau ne, ko ya ƙage, ko ruwan ne ke fita da ƙasa? Da wannan zai san ko roba ce ta cinye, ko sanda ce ta katse, ya taho da kayan da ya dace maimakon ya yi sawu biyu. Mu da digirinmu ba mu san wannan ba.

Abin da ya fito a ƙarshe ko manhaja ba za a kira shi ba. Layi ɗaya ne, da ƙaramar waya, da littafi. Ba a tambayar suna. Mai babbar waya ya turo saƙon murya, mai ƙarama ya yi fulashin. Masu unguwanni kuma, tunda da su aka tsara, suka daina kallon abin a matsayin kai ƙara, wasu ma su ke fara kira.

Ba zan yi muku ƙarya in ce matsalar ruwa ta ƙare ba. Labari yana zuwa da wuri yanzu, amma kuɗin gyara wata magana ce daban, kuma har gobe muna fama. A wata unguwa matan ne da kansu suka ce a riƙa ware wani abu daga adashensu don sayen roba, a wata kuma har yau ana jayayya kan wa zai riƙe kuɗin. Damawa da jama'a ba ta da sauri, tana cin lokaci, kuma wani lokacin za a gaya maka abin da ba ka son ji. Mu an gaya mana cewa abin da muka fi alfahari da shi, wato fom ɗin, shi ne ba a buƙata.

Akwai kuma na jabu, ku yi hattara da shi. A tara mutane a ɗakin taro na otal a Dutse ko Kano, a raba ruwan roba da kuɗin mota, a ɗauki hoto, a rubuta a rahoto cewa an tuntuɓi al'umma, alhali an gama komai tun kafin a zo. Gwajinsa ɗaya ne. Ka tambayi masu aikin: wane abu kuka canza saboda maganar mutanen nan? In sun kasa nuna ko ɗaya, to hoto aka je ɗauka.

Ga 'yan uwana matasa masu koyon haɗa manhaja, a Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, ko Bayero, ko masu koyo a waya cikin dare, ga abin da zan ce. Kafin ka rubuta layi ɗaya, ka yi yini guda tare da wanda kake son taimaka wa, ka yi shiru ka kalla. Ka nemi wanda ya fi nisa da waya, ba wanda ya fi iya ta ba. Ka gwada da takarda kafin ka kashe data. Ka gwada a ƙaramar waya, a rana, a inda sabis ke sanda ɗaya. Ka yi Hausar da ake magana da ita a kasuwa, ba wadda aka fassaro kalma da kalma ba. Ka gaya wa mutane ƙarara wa zai ga bayanansu. In sun ba ka lokacinsu, ka mutunta shi, domin manomin da ya zauna da kai awa biyu ya bar aikinsa ne. In ka gama, ka koma ka nuna musu abin da maganarsu ta canza.

Mu kuma sauran jama'a, in aka zo garinmu da sabon tsari na waya, na tallafi ne, na lafiya ne, na rajista ne, muna da haƙƙin tambaya. Da wa aka zauna kafin a yi wannan? Wanda ba shi da waya fa, ya zai yi? In sabis ya ɗauke, mene ne madadin? Ba rashin kunya ba ne, gyara kayanka ne.

Gwaggona har yau ba ta san me ake nufi da manhaja ba. Amma duk lokacin da muka zo da sabuwar dabara, ita muke fara kai wa, kuma ta kan ce, "To ɗan nan, zauna in ji wace ɓarnar kuka zo da ita yau."

A nan za mu dakata. Ina so in ji daga gare ku: wane tsari na waya ne ya taɓa wahalar da iyayenku, kuma da an tambaye ku, me za ku ce a canza? Mai iya rubutu ya rubuto, wanda saƙon murya ya fi masa sauƙi ya turo, duk muna saurare. Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.